Gurbin Tinglu a Littafin Zuriyar Ju

Ƙauyen Jutan, Weihai
8 ga Fabrairu, 1998

Zuwa ga mahaifina Ju Shouyi, a ma'aikatar gyaran jiragen ruwa ta Dalian.

Baba, yaya sunan kakanka? Ajiye takardar nan ka faɗe shi da ƙarfi a ɗakin da kake, mu ga ko harshenka zai iya ɗaukarsa. Shekarata ashirin da bakwai a duniya, ban taɓa jin sunan nan ya fito daga bakinka ba.

Ka gafarce ni, tambaya ta riga gaisuwa. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga uba, ina fata sanyin bana bai tayar maka da ciwon ƙugu ba. Kaka tana nan lafiya, tana cin wainar masararta biyu da kifi mai gishiri kowace safiya, sannan ta fita ta yi faɗa da kaji. Ta ajiye maka kwano ranar Sabuwar Shekara kamar kullum, ta ɗauke shi kamar kullum. Ni ma lafiya, ina nan a wurin shanyar ciyawar teku.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Baba Babba Shoutang, babban wanku a zuriya, ya tara dattawa suna sake rubuta littafin zuriya, madadin wanda aka ƙone a shekarun hargitsi. Sun liƙa daftarin a bangon ɗakin taro don kowa ya duba gidansu, kuma washegarin Ranar Share Kaburbura za a kai shi a buga. Na je na duba. Na ga sunana. Na ga naka a samansa, na ga na marigayi mahaifinka Yunhe a saman naka. Da na ɗaga ido gaba, sai fili: gurbi ne aka zana masa kusurwa huɗu aka bar shi fari fat. A gefensa kuwa ga Tingfu, kakan Baba Babba, da layi uku na yabo: gwarzon da ya faɗi a bakin dutsen iyaka.

Na ce, "Baba Babba, tawada ce ta ƙare a nan?"

Bai ko juyo ba. Ya ce, "Kai ɗan ciyawar teku, jiya ka koyi karatu, yau kana gyara wa manya rubutu?"

Na ce ni tambaya na yi. Sai ya juyo ya ce, "Wanda ya sa kakin Bature ya harbi wansa ba ya kwana littafi ɗaya da wanda ya harba. Alfarma muka yi muku da muka bar sunayenku a ƙasa."

Na ce, "To kakana daga cikin kabeji ya fito?" Ɗakin ya fashe da dariya, shi bai yi ba. Na san za ka ce na yi rashin kunya. Na yi.

Labarin da kowa yake ja a baki ka fi ni saninsa. A wata na huɗu na shekarar 1900 Turawan Ingila suka fito kafa duwatsun iyakar yankin da suka karɓe, mutanen ƙauyuka suka tare su da fartanya da sanda, sojojin da Turawan suka ɗauka daga cikinmu suka buɗe wuta. Tingfu ya faɗi. An ce ƙanensa Tinglu, kakanka, yana cikin masu harbin. Ga shi na rubuta sunan, takardar ba ta kama da wuta ba.

Amma wa ya gani? Mako guda ina bin tsofaffi gida gida. Duk wanda na tambaya sai ya ce ji ya yi. Daga wa? Sai ya dubi ƙasa. Tsohon nan mai sayar da gishiri ne kaɗai ya ce, "Yaro, ni a dandamali na fara jin ta, shekarar 1967." Wato ranar da Baba Babba ya tsaya da lasifika, kai kuma kana durƙushe da allo a wuya an rubuta jikan karen Bature. Kafin ranar babu wanda ya tuna ya taɓa jin maganar harbi. Ba ka ga abin mamaki a nan ba?

Tun rasuwar Mama ka haye teku, sau uku ka dawo. Ni ka bari a nan da sunan. A makaranta ana ce mini ɗan ƙaramin Bature har na bar ta a aji takwas. To ni ba zan haye teku ba. Ina da wata biyu, kuma zan nemo wannan mutumin.

Ka sa rigar ulu da Kaka ta aiko maka, kada ka ajiye ta a akwati.

Ɗanka,
Haibo

Jutan, 1 ga Maris, 1998

Baba abin girmamawa,

Gaisuwa mai yawa da fatan aiki yana tafiya daidai. Ban ga amsarka ba tukuna, amma na san jirgi ba ya ɓatar da wasiƙa, mutane ne suke jinkiri. Kaka ta ɗan yi tari, ya wuce.

Ka tuna kofin ƙarfen nan da muke ɗebo wa kaji masara? Tun ina rarrafe yake cikin buhu. Ran nan na tambayi Kaka ko surukinta Tinglu ya bar wani abu, sai ta ce, "Ga shi a hannunka, sakarai." Na kife shi, na goge gindinsa da toka. Lambar soja ce aka buga: 1184.

Aka kwatanta mini wani Malam Sui a cikin gari, tsohon malamin makaranta mai tara tsofaffin takardu. Ɗan ƙanensa ya aiko masa daga Hong Kong da kwafin wasu shafuka na rajistar rundunar da Turawan suka ɗauka daga cikinmu. Shekara biyu suna akwatinsa bai karanta ba, don shi Rashanci ya koya a zamaninsa. Ya dubi hannuwana da suka tsattsage da ruwan gishiri ya ce, "Kai ne za ka karanta Ingilishi?" Na ce a jikin kwalin kifin da muke aikawa waje na koyi baƙaƙensu, ragowar kuma ga ƙamus a aljihuna. Ya ce, "To wanke hannu tukun, takarduna ba sa son warin teku."

Lahadi uku na yi a ɗakinsa. Rubutun hannu ne mai karkata kamar alkama ta sha iska, kalma ɗaya sai ta cinye mini rabin awa. Yau da hantsi na kai kan 1184. Baba, ga kakanka: Ju Tinglu, na ƙauyen Jutan, manomi, ɗan shekara ashirin da huɗu, da tabo a gira ta hagu. An ɗauke shi ranar 19 ga Nuwamba, 1900.

Ka lissafa da yatsunka. An yi harbi kafin alkama ta nuna. Shi ya shiga soja bayan an haƙe dankali. Ranar da wansa ya faɗi, kakanka ko takalmin soja bai taɓa sawa ba. Malam Sui ya sa tabarau biyu ya duba lambobin watan da kansa, ya ce babu kuskure.

Ba zan yi maka kwalliya ba. Ya sa kakinsu, ya sara musu, shekara kusan shida, har aka rushe rundunar a 1906 aka sallame shi. An kai shi Tianjin gadi, kuma ban san abin da ya yi a can ba, takardar ba ta faɗa ba. Sau biyu aka hukunta shi don ya bar bariki ba izini, duka biyun a watan girbin alkama. Nan na yi dariya har Malam Sui ya tsorata. Mutum yana riƙe da bindigar Sarkin Ingila, hankalinsa yana kan gonar da ke bayan ƙauye. Wannan jininmu ne, babu tambaya.

Daga can ban biya gida ba, na wuce wurin Baba Babba. Na same shi a tsakar gida yana gyaran kejin tsuntsu. Na shimfiɗa masa kwafin. Ya dube shi daga nesa kamar mushe ya ce, "Takardar Bature ka kawo mini shaida? Su suka yi harbin, su suka riƙe alƙalamin. In ɓarawo ya rubuta cewa abokinsa bai yi sata ba, sai in sa hannu?"

Abin ya ƙona ni ne don maganarsa tana da ƙafa. Ya ce, "Kawo mini shaidar mutanenmu, da rubutunmu, sai mu yi magana. In babu, je ka shanya ciyawarka."

Zan kawo. Ban san daga ina ba tukuna, amma ranar wata ba ta yin ƙarya don ta faranta wa manomi ɗaya cikin dubu. Ka rubuto mini ko layi ɗaya ne.

Ɗanka mai kunnen ƙashi,
Haibo

Jutan, 20 ga Maris, 1998

Babana,

Ina gaishe ka, ina gaishe ka kuma. Wasiƙarka ta iso, layi huɗu. Ka ce in bar matattu su huta, in bar Baba Babba da tsufansa, in nemi mata. Da a ranar na ba ka amsa, da ka yage ta, don na rubuta shafi biyu na kira ka matsoraci ta hanyoyi shida. Suna cikin murhu yanzu. Ka karanta wannan har ƙarshe za ka ga dalili.

Shekaranjiya rana ta fito sosai. Kaka ta ce in ɗauko mata tsohon bargonta na aure, wanda ba ta yarda kowa ya wanke, in baza a igiya. Ta zauna a kujera tana kallona ina zagin Baba Babba a ƙarƙashin numfashi. Can ta ce, "Bakinka kamar na surukina, sai dai shi yana da hankali. Miƙo mini almakashi."

Ta farke ɗinki a kusurwa, ta sa hannu cikin auduga ta zaro jan ƙyalle mai faɗin tafi huɗu. Rubutun baƙar tawada ne, bai dushe ba. Ta ce, "Ni ban san baƙi ko ɗaya ba, amma na san abin da ke ciki. Karanta, tunda kai ne malamin gidan."

Shaidar ba da magaji ce, Baba. An rubuta ta kwana uku bayan harbin. Ta ce Tingfu ya mutu bai bar ɗa ba, babu mai fasa masa tukunya a ƙofar gida ranar fitar da gawa, babu mai kunna masa turare. Saboda haka ƙanensa Tinglu, da yardarsa da ta matarsa, ya ba da ɗansa na fari, Yunshan, ɗan shekara biyu, ya zama ɗan Tingfu har abada. Dattawa bakwai suka dangwala yatsa. Ƙyalle biyu aka rubuta, kowane gida ɗaya.

Yunshan. Mahaifin Baba Babba Shoutang.

Na zauna a ƙasa. Kaka ta ce, "Yaron bai iya ɗaga tukunyar ba. Uban ne ya riƙe hannunsa suka fasa tare. Ka taɓa jin an karɓi ɗan wanda ya yi kisa an ba wanda aka kashe? Ko matar marigayin za ta buɗe masa ƙofa?" Ta ce shekara takwas ta yi tana dafa wa Tinglu abinci kafin ya rasu, kuma sau ɗaya ya taɓa yi mata maganar soja. Cewa ya yi, bakuna biyu aka bar masa, na gidansa da na matar wansa, ga fari, ga gona ɗaya. Ya je ya sa kakin mutanen da suka kashe wansa don ɗan da ya ba wansa ya ci abinci. Ta ce bai faɗe ta da alfahari ba, bai kuma nemi a ce masa ya yi daidai ba.

Na ce, "Baba Babba ya sani?"

Ta ce, "Shi da tsohon yake gasa wa dankali a toka yana ce masa jikana in babu kowa? Shekararsa goma sha huɗu aka binne shi, ya yi kuka har ya shiɗe."

Na ce, "To me ya hana ki fito da wannan ranar da suka durƙusar da Baba?"

Ta daɗe tana gyara audugar bargon. Ta ce a lokacin baƙi ne suka zo daga gari suna neman duk mai jinin sojan Bature, an ce sai ƙauyen ya ba da mutum. Shoutang yana da 'ya'ya biyar, ƙaramar tana goye. Ya ƙone nasa ƙyallen, ya hau dandamali ya ƙirƙiro harbin don ya yi nisa da jinin. Ta ce, "Da na fito da shi, gida biyu za su faɗi maimakon ɗaya. Na je wurin ubanka a rumbun da suka kulle shi, na ce in kawo? Ya ce, Inna, mayar da shi cikin bargo, ni ba ni da yara tukuna."

Baba.

Kwana goma sha ɗaya da allo a wuya, ka san kalma ɗaya za ta sauke shi, ka haɗiye ta. Ni kuma na girma ina ganin bayanka a jirgi ina cewa ga mutumin da ya gudu. Na karanta littattafai da yawa a gefen igiyar shanya, ina ganin na fi kowa a ƙauyen nan gane abu. Ban iya karanta ubana ba. Ka yafe mini. Na rubuta shi a takarda don in ka dawo bakina zai iya ƙin faɗa.

Amma ba zan bari ba, ka ji. Shirunka ya ceci yara biyar, duk sun girma, biyu har da jikoki. Yanzu shirun ba ya ceton kowa, sai dai ya goge mutum daga littafi. Kaka ta ba ni ƙyallen da sharaɗi ɗaya. Ta riƙe kunnena kamar ina ɗan shekara biyar ta ce, "Kada ka ƙwace wa matacce ɗansa. An ba shi, an ba shi. In ka kunyata Shoutang har ya bar kabarin Tingfu, wa zai share masa?" Na yi mata alkawari.

Ranar Share Kaburbura Lahadi ce, 5 ga Afrilu. Kwanonka yana nan.

Ɗanka,
Haibo

Jutan, 2 ga Afrilu, 1998

Zuwa ga Baba Babba Shoutang, shugaban masu rubuta littafin zuriya.

Ina gaishe ka da girmamawar da ƙarami yake yi wa babba, ina fata kai da Inna Babba kuna lafiya, da fatan ƙafarka ta yi sauƙi. Wannan takardar hannuna ne zai kawo ta ƙofarka, babu wanda ya karanta. Ban liƙa ta a bango ba, ko da yake ina da manna ina da buroshi. Ka fi ni sanin abin da takardar bango take yi wa mutum.

Ka ce in kawo shaidar mutanenmu da rubutunmu. Na samo. Jan ƙyalle ne, da yatsun dattawa bakwai. Ba sai na gaya maka abin da ke ciki ba, ka taɓa riƙe ɗan'uwansa a bakin murhu.

Ga abin da ba na nema. Ba na neman a taɓa layi uku na yabon Tingfu, ya cancanci huɗu. Ba na neman a cire ka daga ƙarƙashinsa. Kai jikansa ne bisa al'ada, kai za ka zuba masa giya ranar Lahadi, 'ya'yanka bayanka. Ba na neman ka durƙusa, ba na neman a rataya maka komai a wuya. Kuma ba na neman a rubuta Tinglu gwarzo. A rubuta abin da ya faru: manomi, ya ba wansa ɗa, ya yi wa Turawa soja daga ƙarshen 1900 zuwa 1906, ya dawo ya yi noma ya mutu. Wanda zai tofa yawu ya tofa a kan gaskiya.

Kai ka koya wa dattawan ƙa'idar littafi, na ji ka da kunnena a ɗakin taro: ɗan da aka bayar ana rubuta shi wuri biyu, a ƙarƙashin wanda ya karɓa a ce an karɓa, a ƙarƙashin wanda ya haifa a ce an bayar. Gida uku ka sa aka gyara saboda wannan ƙa'idar. To gurbin da ka bari fari ba kakana Yunhe kaɗai ya bari babu uba ba. Mahaifinka ma daga nan ya fito. Na tambaye ka ko daga kabeji muka fito, mutane suka yi dariya. Ashe kabejin namu ne mu biyu.

Na san abin da ya same ka a 1967. Kaka ta gaya mini, kuma da ni ne da yara biyar ban san abin da zan yi ba. Amma baƙin nan sun koma gari shekara talatin da suka wuce. Bana babu mai lasifika a kanka, babu wanda ya ce sai ka ba da mutum. Kai kaɗai ne da buroshi da tawada, ka sake ba da Tinglu.

Mahaifina ya bugo waya shagon gishiri jiya. Jirginsa zai iso ranar Asabar. Ya ce in gaya maka ba faɗa ya kawo shi ba, tsintsiya zai riƙe. Kabarin Tinglu yana gefen gabas na maƙabarta, babu dutse, ciyawa ta rufe shi. Ka san shi, don Kaka ta ce kowace shekara bayan an watse takan tarar da gasasshen dankali ɗaya a kansa, kuma ba ita take ajiyewa ba.

Ranar Lahadi, bayan an gama kunna turare, kafin kowa ya sauka daga tudu, zan tsaya a gaban zuriyar Ju gaba ɗaya, ƙyallen yana cikin rigata. Na fi so ya zauna a can. Tambaya ɗaya zan yi maka, ita ce na yi wa mahaifina wata biyu da suka wuce, kuma ba a tsakar gidanka nake son amsar ba, ba a kunnena ba. A gaban Kaka, a gaban mutumin da ya yi maka shiru kwana goma sha ɗaya, a gaban 'ya'yanka biyar, da muryar nan taka da ta cika dandamali.

Baba Babba, wa ya haifi mahaifinka? Ka faɗi sunan kowa ya ji.

Ɗan ƙanenka,
Ju Haibo, tattaɓa-kunnen Tinglu